Rijiyar da Aka Sauya wa Suna: Jinjina ga Ɗantala Mai Riƙon Igiya

Kafin rana ta ɗago a Garin Cindo, Malam Ɗantala ya riga ya sauko da igiyarsa daga maratayi. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka, ko bana da ya ajiye aiki bai fasa ba. Idan ya dawo daga sallar asuba sai ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya miƙe ƙafarsa ta hagu wadda gwiwarta ta daina lanƙwasuwa, ya shiga jan igiyar ta tsakanin yatsunsa. Mahaƙa rijiya da gaba suke awo, wato tsawon hannuwa biyu a buɗe, shi kuwa a kowace gaba ya ƙulla ɗan ƙyalle. Ba ya kallon igiyar, yatsun ne ke gaya masa inda zare ya fara saki. Kokonsa yakan huce a gefe, matarsa A'i ta yi ta magana.

"Malam, igiyar nan dai ba ta kwana ko'ina ba. Yadda ka rataye ta jiya haka take."

"Ke ma ba ki kwana ko'ina ba, amma kullum sai na tambaye ki yadda kika tashi."

Daga nan sai ya ɗauki sandarsa ya nufi mararraba, inda hanyar ƙauyen ta rabu da titin da ya taso daga Gumel. A can gindin wata tsohuwar aduwa akwai rijiya. Ba ɗiban ruwa ke kai shi ba. Yakan kwanta rub da ciki a bakinta, ya zura kai ya shaƙi iskar ciki, ya yi shiru kamar mai sauraron sallama daga nesa. Idan ya gamsu sai ya miƙe da ƙyar, ya kaɗe gaban rigarsa, ya gaisa da masu ban ruwan shanu, ya koma gida.

Ƙasarmu ba ta ba da ruwa cikin sauƙi. Sai an bi shi can ƙasa, inda rana ke komawa kamar bakin ƙoƙo a saman kan mutum. Daga Gagarawa Tasha har ƙauyukan bayan Maigatari, rijiya sittin da uku Ɗantala ya haƙa. Yau yawancinsu an rufe su da itace, wasu an cike su, tun da burtsatse da famfon sola suka shigo. Waɗanda suka rage kuma da sunan wasu ake kiransu: rijiyar mai gari, rijiyar masallaci, rijiyar alhaji wane. Ɗaya ce tak ta amsa sunansa, ita ce wannan ta gindin aduwa. Shekara talatin da suka wuce, da haƙa ta kai gaba ashirin da biyu sai aka ci karo da dutse, waɗanda suka sa shi aikin suka ce a haƙura. Shi ya ce ya ji ƙamshin ruwa a bayan dutsen. Wata huɗu ya yi yana sara, ƙannen A'i biyu suna jan ƙasa, ita kuma tana kawo musu fura a ka. A gaba ta ashirin da bakwai ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai, ba gishiri.

Ba wanda ya kafa allo, ba wanda ya yi shela. Baki ne ya raɗa mata suna. Masu koro shanu zuwa kasuwar Maigatari sukan yi alkawarin haɗuwa ranar Laraba da yamma a Rijiyar Ɗantala. 'Yan acaɓa a tashar Gumel sukan yi kira, "Rijiyar Ɗantala, saura mutum ɗaya." Allah ya ba su 'ya'ya mata huɗu shi da A'i, duk suna ɗakin mazajensu, namiji bai tsaya musu ba, kuma ba wanda ya gaji sana'ar. Yakan ce da A'i, idan ya kwanta dama ba za a ce gidan Ɗantala ba, don surukai za su raba, amma za a ce Rijiyar Ɗantala. Wannan sunan shi ne magajinsa.

Bazarar bara waccan ruwan rijiyar ya ja baya, laka ta taru, aka ce a yashe ta. A da Ɗantala ake kira, ya shiga da guga ya yi kwana biyar. Wannan karon wani matashi mai suna Ɗalha, wanda ke da injin ban ruwa na noman rani, ya ce shi wuni ɗaya ya ishe shi: inji ya zuƙe ruwan, a shiga a kwashe laka. Ɗantala ya ce, "Inji a bakin rijiya, to. Inji a cikin rijiya, a'a." Aka yi dariya, aka ce tsoho yana ƙyashin inji. Ya juya ya tafi gida.

Tiyon injin bai kai ko rabin zurfin ba. Sai suka ɗaure injin da igiya, suka zura shi yana aiki har kusa da ruwa. Ya yi ta zuƙa yana zuba hayaƙinsa a ciki, ruwa ya ragu bai kai gwiwa ba, can ya yi tari ya mutu. Ɗalha ya sauka ya tayar da shi. Na sama sun ji ya ja igiyar injin sau biyu, daga nan shiru. Wani makiyayi ƙaƙƙarfa, Bilal, da ya kawo shanunsa ban ruwa, ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi shi. An ji ya ce, "Na gan shi." Ya kwance igiyar jikinsa don ya ɗaura wa Ɗalha, bai ƙarasa ba. Da aka ja, igiya ta taho fayau ba kowa.

Ɗantala ya iso yana jan ƙafa, igiyarsa a kafaɗa, fitilar ƙwai a hannu, A'i na biye da shi da laimarta mai furanni saboda rana ta take. Ya tarar da mutum na uku ya tuɓe riga. Ya gitta sandarsa a bakin rijiyar.

"Duk wanda ya sa ƙafa, da sandan nan zan karya ta. Na fi son in kai shi wajen mai ɗori da in kai shi maƙabarta."

Ya kunna fitilar da rana tsaka, ya ɗaura ta a igiya ya zura, yana ƙirga ƙyallayen. A gaba ta goma sha tara ta mutu. Sai ya waiwaya ya fizge laimar A'i, ya ɗaure ta ta wajen mariƙi yadda za ta rataya a buɗe bakinta na kallon sama, ya zura ta har ƙasa, ya sa samari su ja da sauri. Ta fito ya juye ta gefe kamar mai zubar da ruwa, alhali ba komai a ciki da ido ke gani. Ya sake zurawa. Gurɓatacciyar iskar yake ɗebowa guga-guga, amma wa zai tsaya jin bayani a ranar? Mutane suka ce ya zare. Inna Tayyiba, mahaifiyar Bilal, ta iso a guje daga ruga ba ɗankwali, ta cafki wuyan rigarsa.

"Ɗana yana ƙasa kai kana wasa da laima? Allah ya isa tsakanina da kai, Ɗantala."

Tana riƙe da wuyan rigarsa ya ci gaba da ƙirga. Sau ashirin da 'yan kai laimar ta shiga ta fito, har ƙarafunanta suka lanƙwashe. Ya sake zura fitila. Ta wuce sha tara, ta wuce ashirin da biyar, wutar ta ƙanƙance amma ba ta mutu ba. Ya ce, "Ta isa mutum ya shiga ya fito. Ba ta isa ya zauna ba."

Waɗanda ke kusa sun ga ya fara ɗaura wa kansa igiya. Ya kai ƙulli na biyu sai ya tsaya, ya dubi hannuwan mutanen da za su riƙe shi. Ya san abin da su ba su sani ba: wanda iskar rijiya ta kama ba ya samun damar yin ishara, barci ne ke ɗauke shi yana tsaye. Sai dai in na sama ya ji a hannunsa. A duk taron nan kuwa mutum ɗaya ne ke jin maganar igiya. Idan ya shiga, ba mai riƙewa.

"Baba, ni zan shiga."

Wani dogon saurayi ne cikin farar shadda, ya jingine babur ɗinsa a bakin titi. Kofur Zayyad ke nan, ɗan Gumel, yana hutu, ya fito zai je gaida yayarsa a ƙauyen gaba ya ga taro.

"Ni soja ne," in ji shi.

"Ba yaƙi ake yi a ciki ba. Kana shan taba?"

"A'a, Baba."

"Kana jin magana?"

"Aikina ke nan."

Ɗantala ya kwance igiyar daga jikinsa ya ɗaura wa baƙon da bai san ko sunansa ba. Ya ce masa ja ɗaya a sassauta, ja biyu a tsaya, ja uku a fito da shi. Ya ba shi igiya ta biyu ta ɗaurin mutum. "Ta jikinka kuwa kada ka kwance ta, ko wa ka gani a ƙasa. In na ji abin da ban so ba zan fizgo ka, ko ka ja ko ba ka ja ba."

Shiga ta farko Zayyad ya ɗauro Bilal, aka fito da su. Ta biyu ya koma don Ɗalha. Ɗantala ya zauna a gaban masu ja, igiyar na bi ta tsakanin yatsunsa, ya rufe ido. Ya sha gaya wa A'i cewa mutum mai numfashi a ƙarshen igiya yana da wata 'yar rawa da ke hawowa har hannun na sama, ba ta fi motsin gizo-gizo a kan zarensa ba. Rawar nan ce ta ɗauke.

"Ku ja."

"Malam, bai ja ba, bai gama ɗaurin ba."

"Ku ja na ce."

Suka ja cikin firgici, da ƙarfin da zai buga kan sojan a jikin gungumen da aka gitta a bakin rijiyar. Da ƙyallaye uku na ƙarshe suka taho, Ɗantala ya damƙe igiyar da tafin hannuwansa biyu don ta sassauta. Ta sassauta, ta kuma tafi da fatar. Zayyad ya fito jiki a sake, ido ya juye. Aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo, ya yi amai, abin da ya fara faɗa shi ne, "Na sa masa a hammata ɗaya, saura ɗaya." Aka sake zura laima. Ya shiga ta uku, bayan ya ɗanɗana abin da ke ciki, wannan kuwa ba ƙaramin mutum ke yin sa ba. Ɗantala ya riƙe shi da hannuwa a naɗe cikin ɗankwalin A'i. An kai Bilal da Ɗalha asibiti a Gumel, dukansu sun rayu.

Wani ya ɗauki abin da waya. A hoton ana ganin fuskar soja yana fitowa da mutum a rungume, ana ganin bayan wani tsoho da wata karyayyar laima a ƙasa. Hoton ya zaga har ya kai ga manyan Zayyad. Bayan 'yan watanni aka yi fareti a barikinsu, babban hafsa ya maƙala masa lambar yabo ta ceton rai ba a fagen fama ba. Da hantsi aka faɗa a rediyo, Ɗantala na tsakar gida yana shafa man kaɗanya a tabon hannunsa. Mai labarai ya faɗi sunan kofur sau uku, ya faɗi zurfin rijiyar, ya ce jarumin ya shiga har sau uku, ya rufe da cewa an yi nasarar ceton ne tare da taimakon wasu mutanen gari.

Ɗantala ya ajiye man. "Wasu mutanen gari," in ji shi.

"Kai ka samu ma an ce mutanen gari," in ji A'i tana tankaɗe. "Laimata fa? Ko a cikin wasun ba ta shiga ba."

Bai yi dariya ba.

Da abin ya tsaya a rediyo da ya wuce. Sai mutane suka fara zuwa kallo daga Gumel, suna tambaya ina rijiyar da soja ya shiga. A bakin 'yan acaɓa zancen ya gajarce. Kafin kaka ta yi, yaran ƙauyen ma idan an aike su ɗebo ruwa Rijiyar Soja suke cewa. Ba wanda ya yi da mugun nufi, abin da ya fi ci masa rai ke nan, don ba wanda zai kama da faɗa.

Wata rana ya je Gumel a duba masa gwiwa. Da ya fito ya je tasha, ya hau bayan wani ɗan acaɓa.

"Ina muka nufa, Baba?"

"Rijiyar Ɗantala."

"Ina ne nan kuma?"

"Mararrabar Garin Cindo, gindin aduwa."

"Au, Rijiyar Soja. Ai sai ka ce Rijiyar Soja, Baba."

Ɗantala ya sauko a hankali, ƙafar lafiya tukuna sannan mai ciwon. Ɗan acaɓan ya yi ta tambayar laifin da ya yi. Bai hau na kowa ba. A ƙasa ya tako, da sanda, da gwiwar da likita ya gama ce masa ya hutar da ita, bai iso gida ba sai bayan la'asar. Kwana huɗu ya yi a kwance.

Ba za a ɓoye ba, tun da shi ma bai ɓoye ba: ƙyashi ya kama Malam Ɗantala, ya kama shi da kyau. An aiko masa da goron walimar da dangin Zayyad suka shirya, ya ce haƙoransa ba sa tauna goro, alhali akwai ɓari a kuncinsa. Mai shayin mararraba ya manna hoton kofur cikin kaki da lambar a ƙirji, Ɗantala ya tsaya ya ƙare masa kallo ya ce hular ta yi masa yawa, daga ranar ya daina zama a bencin. Idan rediyo ya sako badujalar sojoji sai ya murɗe. Yakan zauna yana lissafi shi kaɗai a fili: "Sau uku ya shiga. Uku. Ni rijiya sittin da uku, kowacce na kwana na wuni a cikinta. Wa ya busa mini ƙaho?" A'i ta ce ya ji tsoron Allah, yaron nan ransa ya sa. Ya ce ya sani, ai shi ya riƙe ran a hannunsa.

Wata safiya yana cikin jan igiyarsa ya ce mata, ba tare da ya ɗago ba, "Kullum na yi sujada sai na roƙi Allah ya cire mini abin nan. In ɗago in tarar yana nan. Ba so nake a ƙwace masa ba, A'i. So nake in an ambace shi ƙirjina ya daina yin zafi." Ta ce a shekara arba'in na zamansu ba ta taɓa jin ya roƙi abu ya rasa yadda zai yi da shi kamar wannan ba.

Shekara ta zagayo, Zayyad ya yi sallama a ƙofar gidan da wani dogon abu a naɗe cikin takarda. Ɗantala ya gane muryar. Ya ce da A'i ta ce ba ya nan. Ta leƙa zaure ta ce, "Ya ce ba ya nan. Shigo."

Kofur ya tuɓe takalmi ya durƙusa har ƙasa. Ya fara miƙa wa A'i ƙunshin: laima ce sabuwa, mai furanni. Ta buɗe ta a tsakar gida tana juyawa, ta ce ita dai yau ta karɓi tata lambar. Sannan ya ciro ɗan akwati daga aljihu ya ajiye a gaban tsohon. Ɗantala ya yi kamar ba zai taɓa ba, can ya ɗauka, ya ɗora lambar a kan tabon da ya ratsa tafin hannunsa, ya jinjina ta.

"Ashe ba nauyi."

"Ba nauyi, Baba."

"Ka gaya wa manyanka yadda aka yi?"

"Na faɗa da baki, na rubuta shafi biyu, har da laimar Inna. Da aka zo karantawa a fareti layi huɗu aka karanta."

"To. Ni dai har yanzu ina jin haushinka, Kofur. Gara ka sani."

"Na sani, Baba. An gaya mini zancen hula."

A'i ta tuntsire da dariya. Shi Zayyad bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Makon da ya wuce, a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar, rago ya faɗa tsohuwar rijiya. Wani saurayi ya ɗaura igiya zai shiga, dattawa suka ce ya dakata. Ba a fito da shi da rai ba.

"An ce da zai sauka cewa ya yi, soja ma ya shiga. Baba, ni ya gani a waya. Bai ga fitila ba."

Zayyad ya ce bakin rijiyar mararraba ya tsage tun ranar da taro ya danne shi, shi da abokan aikinsa sun kawo siminti, yana roƙon Baba ya tsaya a kan aikin, in an gama kuma da hannunsa zai rubuta sunan rijiyar na gaskiya a jiki.

Ɗantala ya mayar da lambar cikin akwatinta ya tura masa. "Rijiyar Soja ce. Soja ya gyara abinsa."

Washegari magina suka fara aiki. Ɗantala ya ce da A'i zai je duba gonar gero, gonar da ba ta wannan hanyar take ba. Ya tsaya daga nesa a bayan aduwa. Ya ga suna kwaɓa siminti da lallausan yashin bakin titi, ya ga za su ɗora sabon gini a kan tsagar ba tare da sun fasa ta sun kai ga lafiyayyen wuri ba. Ya san damina biyu za ta yi ta rufta, wataƙila da mai ɗiban ruwa a kai. Ya juya zai tafi, ya yi taku biyar, ya dawo.

"Wa ya ce ku zuba a nan?"

Kwana uku ya yi a kansu. Ya sa aka ɗebo tsakuwa daga kwari, ya nuna musu inda ya sa ƙarfe shekara talatin da suka wuce, ya yi wa babban maginin faɗa har mutumin ya ce zai ajiye aiki. Zayyad ya tuɓe riga yana ɗaukar kwano, tsohon na kiransa "kai soja" yana aikensa kamar ɗan cikinsa. Duk wannan a kan rijiyar da 'yan kallo ke ta kira da sunan wani a gabansa.

Rana ta uku da yamma aka shafe bakin. Igiyoyin guga suna cin siminti ta ko'ina, don haka wuri ɗaya ne ta gabas, bai fi kamu biyu ba, da rubutu zai zauna bai goge ba. Zayyad ya tsuguna da ƙusa a hannu. Mai gari na tsaye, Ɗalha na tsaye, Bilal ya zo da mahaifiyarsa.

"Rijiyar Ɗantala zan rubuta, Baba."

"Rubuta, ɗana," in ji Inna Tayyiba. Tun ranar da ta cafki wuyan rigar Ɗantala ba ta iya haɗa ido da shi ba, sai dai duk Juma'a A'i ta tarar da ƙwaryar nono a zaure. "Mu a ruga ba mu taɓa kiranta da wani suna ba."

Ɗantala ya daɗe yana kallon ɗanyen simintin. Waɗanda ke kusa sun ce har leɓensa ya motsa, kamar yana gwada yadda sunan zai zauna a wurin. Magini ya ce a yi sauri, yana shan iska.

"Saurayin nan na wajen Sule Tankarkar," in ji Ɗantala, "ya iya karatu?"

"An ce ya gama sakandare," in ji Zayyad.

"Da ya zo nan ya karanta sunana, me zai hana shi shiga?"

Ɗantala ya nuna simintin da sandarsa.

"Rubuta: a sa fitila kafin a shiga."

"Baba, wurin ba zai ɗauki biyu ba."

"Ni na auna wurin. Rubuta."

Zayyad ya rubuta, baƙi bayan baƙi, har ƙusar ta kai ƙarshen wurin ba ragowar ko ɗan yatsa. Da suka kai ƙofar gida tsohon ya ce da A'i, "Da ya ƙanƙanta rubutun da sunan ya shiga. Soja ne, komai sai ya yi shi da girma." Mako guda ya yi yana wannan mita, har yau in ta motsa yakan yi.

Baba Ɗantala, na A'i, mai jin maganar igiya. Na sha wuce ka a gindin aduwa in gaishe ka in kasa ƙara komai, shi ya sa na rubuta. Kai ne ka sha Allah ya isa a bainar jama'a ba ka daina ƙirga ba. Kai ne ka kwance igiya daga jikinka ka ɗaura wa baƙo, ka zauna a sama inda ba a ɗaukar fuskar mutum a hoto. Lambar Kofur Zayyad halalinsa ce, ko kai ka faɗa, amma ƙirjin da aka maƙala ta a kai hannunka ne ya fito da shi yana numfashi. Ka yi ƙyashi, ba ka ɓoye ba, kuma ƙyashin bai hana ka dawowa bayan taku biyar ba. Da yawanmu in zuciya ta yi irin wannan zafi hannu ma janyewa yake. Kai da zafin ka kwaɓa siminti, da zafin ka ba da wurin da ka shekara kana jira. Mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sanyaya ƙirji, ya sa ruwan nan ya tsaya maka ranar da ba a taƙaita rahoton kowa.

Mu kuma da muka sha ruwan, aikin da ya bar mana ba shi da wuya. Duk inda aka taru a bakin rijiya wani ya tuɓe riga, a samu mai gitta sanda, a nemo fitila, a nemo laima, ko za a zage shi. Wurin suna kuwa ya ƙare a jikin siminti, sai wanda ya rage a bakinmu. Idan kun je tashar Gumel za ku mararrabar Garin Cindo, ku ce Rijiyar Ɗantala. Ɗan acaɓa zai ce bai san nan ba. Kada ku sauka, kada ku gyara masa da ɗaya sunan. Ku ce ya ja, za ku nuna masa hanya.